Macijin masara da ya rame saboda rashin kula: tambayoyi da amsoshi kan yadda ake farfaɗo da shi

A Ingila da Amurka ba abin mamaki ba ne ka shiga gidan mutum ka tarar da maciji a akwatin gilashi, kuma sau da yawa macijin masara ne. Shi yana daɗewa a duniya, sha'awar mai shi kuwa ba ta cika daɗewa ba. Yaro ya matsa wa iyayensa sun saya masa, bayan shekara uku ya tafi jami'a, akwati ya koma lungu, na'urar ɗumi ta lalace ba wanda ya lura. Daga nan sai dabbar ta faɗo hannun maƙwabci, ko abokin aiki, ko wanda ya kama hayar gidan. Ga tambayoyin da masu karɓar irin wannan maciji suka fi yi.

1. Wane irin maciji ne wannan, kuma yana da dafi?

Ba shi da dafi. Yana cikin macizan da ke naɗe abin farautarsu su matse shi, kamar mesa, sai dai shi siriri ne, babbansa yakan kai mita ɗaya da 'yan kai zuwa mita ɗaya da rabi. Turawa na ce masa corn snake, masana kuma Pantherophis guttatus, kuma tun 1766 masanin halittu Carl Linnaeus ya sa shi a littafinsa. Asalinsa kudu maso gabashin Amurka ne, daga Niyu Jazi zuwa Fulorida, ya yi yamma har Luwiziyana. Launinsa na asali ruwan goro ne da manyan ɗigo ja masu baƙin gefe, cikinsa kuma fari da baƙi kamar allon dara.

Ana kawo dalili biyu na sunan. Wasu sun ce manoma ne suka riƙa ganinsa a rumbun masara yana bin ɓeraye, wasu sun ce zanen cikinsa ne ya yi kama da masara mai launi-launi. A hannun mai kula yakan yi shekara 15 zuwa 20, wani ma ya wuce haka. Don haka wanda ya karɓe shi ya san ba baƙon kwana biyu ya yi ba.

2. Na ga mai kama da shi a gonarmu a gida. Shi ne?

Ba shi ba ne, kada ka taɓa. Macijin masara ba ya rayuwa a dajin Afirka. Abin da ke da jiki mai ɗigo-ɗigo a gonakin arewacin Najeriya da kudancin Nijar yana iya zama kububuwa ko kasa, kuma saran kububuwa ne ya cika asibitin Kaltungo na jihar Gombe da majinyata, musamman lokacin noma da girbi. Duk abin da ke wannan shafi ya shafi macijin da aka haifa a hannun masu kiwo ne, wanda an san asalinsa.

3. Ta yaya zan gane ramewa ce, ba sirancin halitta ba?

Dubi bayansa, ba tsawonsa ba. Lafiyayyen macijin masara in ka kalle shi daga gaba yana da siffar burodin gwangwani: ciki shimfiɗe, gefuna a tsaye, sama a zagaye. Wanda ya rame kuwa ya koma kusurwa uku, ƙashin bayansa ya fito kamar kunyar gona, gefunansa sun zurma. Za ka ga fata ta yi masa yawa tana naɗewa a tsaye, kai ya fi wuya girma sosai. In ka ɗora shi a hannu ba ya riƙe ka da ƙarfi, sai ya zube kamar igiyar guga.

Akwai abin da ya kamata a fahimta a nan. Maciji yana ajiye kitsensa ne a cikin ciki, can wajen bayan jiki, ba a ƙarƙashin fata ba. Kafin ƙashin baya ya bayyana, wannan ajiyar ta ƙare, jiki ya fara cin tsokarsa. Ramewar da ido ya gani ta yi watanni tana tafiya, shi ya sa gyaranta ma ke ɗaukar watanni (duba tambaya ta 18).

4. Yau aka kawo mini shi. Me zan fara yi?

Ba abinci ba. Ka auna shi a sikelin kicin mai nuna giram, ka ɗauki hotonsa daga sama da daga gefe, ka rubuta kwanan wata. Sannan ka sa shi a akwati mai tsabta mai murfin da ke kullewa, da ƙofofin iska. Shimfiɗa ta zama farar takardar goge hannu, ba ƙasa ba, ba diddigar katako ba, domin a kan farar takarda ne za ka ga kashinsa, da jini in akwai, da ƙwarin da aka yi maganarsu a tambaya ta 14. Ka sa maɓoya biyu, ɗaya a ɓangaren ɗumi ɗaya a ɓangaren sanyi, kowanne matsattse yadda jikinsa zai taɓa bango. Kwalin takalmi da aka huda ya wadatar. Ka ajiye kwanon ruwa mai nauyi, sai ka ƙyale shi ya yi kamar mako guda ba ɗauka ba leƙe-leƙe.

In tsohon mai shi na nan, ka tambaye shi cikin lalama: yaushe ya ci na ƙarshe, me yake ci, yaushe ya yi saɓa, ya taɓa amai, shi kaɗai ne a akwatin? Faɗa da gori ba za su ba ka waɗannan amsoshin ba, kai kuwa kana buƙatarsu. In kana da wasu macizan ko ƙadangaru, a ware sabon a wani ɗaki dabam na aƙalla kwana 90, da kayan aikinsa dabam, kuma shi za ka riƙa yi wa hidima a ƙarshe.

5. Zafi nawa yake buƙata?

Ɓangaren ɗumi ya kasance digiri 28 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyas, ɓangaren sanyi 22 zuwa 25. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, yawo yake yi tsakanin wurare biyun nan don ya daidaita kansa. Narkar da abinci da yaƙi da cuta duk sun dogara da wannan ɗumin. Da yawa daga cikin macizan da ake cewa sun ƙi cin abinci, sanyi ne kawai ya hana su.

Ko shimfiɗar ɗumi ta lantarki ce ko fitila, dole a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, kuma a sa ma'aunin zafi daidai inda macijin ke kwanciya. Tafin hannunka ba ma'auni ba ne. Maciji yakan kwanta a kan abu mai ƙuna har cikinsa ya sale bai tashi ba, shi ya sa masu kiwo suka tsani dutsen nan na lantarki da wasu shaguna ke sayarwa. Fitila kuma a sa mata raga. Wanda ke ƙasa mai zafi matsalarsa akasin wannan ce: ɗakin da ke haura digiri 35 da rana, irin na Kano ko Maraɗi a watan Afrilu, zai iya kashe shi in ba shi da wuri mai sanyi da zai gudu.

6. Yaya zan san ƙishirwa na damunsa?

Fatarsa za ta yi yamutse, in ka ɗan ja ta ba ta komawa da wuri. Idanu sukan lotsa, miyau ya yi kauri, farin abin nan da ke fita tare da kashi, wanda shi ne fitsarinsa, ya yi tauri ko ya koma rawaya sosai. Saɓar da ta maƙale ma alama ce.

Ruwa mai tsabta kullum shi ne farkon magani. In ya nuna alamun nan, ka zuba ruwa mai ɗan ɗumi, wajen digiri 28, a roba mai murfi, zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinsa, ka sa shi minti 15 zuwa 20 kana tsaye a kansa. Mai rauni na iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa ba. Kada ka ɗura masa ruwa a baki, ƙofar numfashinsa tana nan a ƙasan bakin, kusa da gaba. In ƙishirwar ta yi tsanani, ruwan allura yake buƙata, wannan kuma aikin likita ne.

7. Dole ne sai na kai shi wurin likitan dabbobi?

In ya rame har ƙashin baya ya fito, e. Ka nemi wanda ya saba da dabbobi masu jan ciki, don ba kowane likitan karnuka da kyanwa ne ya san su ba, kuma ba laifi ba ne ka tambaya a waya kafin ka je. Ka tafi da sabon kashinsa a leda, wanda bai wuce kwana ɗaya ba, an ajiye shi a sanyi amma ba a daskarar ba. Da shi za a duba tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cuta. Yunwa ba ita kaɗai ke ramar da maciji ba, kuma wanda tsutsa ta cika ko ka yi ta ciyar da shi kamar kana zuba ruwa a kwando ne.

Kada a jira mako ya cika in yana numfashi baki buɗe, ko ya kasa juyowa in aka kifar da shi, ko akwai ƙuna ko rauni a buɗe, ko wani abu ya zazzago daga mafitar kashi.

8. Yunwa yake ji ƙuru-ƙuru. Me ya sa ba zan cika masa ciki ba?

Nan ne masu tausayi suka fi yin kisa. Narkar da abinci aiki ne mai tsada a jikin maciji. Idan ya daɗe bai ci ba hanjinsa yakan tsuke, ruwan narkarwa ya ragu, kuma da zarar ya haɗiyi abu dole jiki ya kashe ƙarfi ya sake tayar da wannan injin kafin ya ci ribar abincin. An fi ganin haka a mesar Bama, wadda hanjinta ke kusan ninka nauyinsa cikin 'yan kwanaki bayan ta ci. Macijin da ya rame ba shi da jarin da zai zuba. Ka ba shi babban ɓera, sai ɓeran ya fara ruɓa a cikinsa kafin ya narke, ya amayar, ya fi da rauni.

Akwai kuma haɗari na biyu, wanda likitoci suka sani a jikin mutane ma, musamman yaran da tamowa ta kama. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, in abinci ya shigo da yawa lokaci guda, sinadaran fosforas da fotashiyam sukan bar jini su ruga cikin ƙwayoyin jiki. Jini ya rasa su, zuciya ta rikice, dabba ta mutu kwana kaɗan bayan abin da mai ita ya ɗauka alheri ya yi mata. Ko mai azumi ba ya buɗe baki da tuwo, da ruwa da dabino yake farawa. Tsarin a nan shi ne ɗumi tukuna, sai ruwa, sai natsuwa, abinci ya zo na huɗu, kuma ya zo ƙarami.

9. To me zan ba shi, yaya girmansa, kuma bayan kwana nawa?

Ɓeran kiwo da aka daskarar, wanda shagunan dabbobi ke sayarwa girma-girma, daga jinjiri mara gashi har babba. Lafiyayyen maciji ana ba shi wanda kaurinsa ya yi daidai da inda jikinsa ya fi kauri, ko ya ɗara kaɗan. Ramamme kuwa ka sauko masa mataki ɗaya ko biyu: in da lafiyarsa babban ɓera zai ci, ka fara da ɗan ƙarami wanda gashi bai daɗe da fito masa ba, guda ɗaya tak. Ka jira mako guda. In ya riƙe, ya yi kashi mai kyau, ka sake ba shi irinsa. Sai ya ci sau uku ko huɗu lafiya kafin ka hau mataki na gaba. In ya murmure, babba yakan koma cin sau ɗaya a kwana 10 zuwa 14, ƙanana kuma duk kwana 5 zuwa 7.

A narkar da ɓeran a firji ya kwana, sannan a sa shi a leda a tsoma a ruwan ɗumi har ya yi ɗumin jiki ciki da waje. Ka matsa cikinsa da yatsa, in akwai sauran sanyi bai yi ba. Na'urar ɗumama abinci, wato microwave, ba ta dace ba, tana dafa wani wuri ta bar wani da ƙanƙara. A miƙa da dogon hantsaki, da yamma, lokacin da ya fi motsi. Wanda ya rage ba a mayar da shi firiza.

10. Ɓeran gida fa, ko mai rai? Madara, ƙwai ko tsokar nama?

Ɓeran gida yana iya ɗauke da tsutsa, ko ya ci guba a gidan maƙwabta, ka ga an gudu ba a tsira ba. Mai rai kuma yana cizo, kuma an sha ganin ɓeran da aka bari ya kwana da macijin da ba ya jin ci ya gaigaye masa baya. Madara ba abincin maciji ba ce, ko da me tatsuniya ta faɗa. Tsoka zalla ba ta da ƙashi da hanta da kayan ciki, daga nan ne kuwa yake samun sinadarin ƙarfafa ƙashi da bitamin. Dabba sukutum yake buƙata.

11. Na miƙa masa ya ƙi karɓa. Yaya zan yi?

Ka koma tambaya ta 5 ka sake auna zafi, don nan matsalar ta fi ɓuya. Ka duba ko idanunsa sun yi hazo, alamar saɓa na tafe, domin da yawa ba sa ci a lokacin. Ka duba bakinsa kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 16. In duk lafiya, kada ka riƙa miƙa masa kullum, takura ce. Ka bar kwana biyar zuwa bakwai tsakanin gwaji da gwaji.

Masu kiwo na da dabaru. Wani maciji kunya gare shi, sai an ajiye masa ɓeran a bakin maɓoyarsa an kashe fitila an fita. Wani sai an ƙara ɗumama kan ɓeran. Wani sai an ɗan huda kan ɓeran ƙanshi ya fito, aikin ba daɗin gani amma yana ci. Wani kuma da ɗan tsako aka saba masa, sai an goga ɓeran a jikin tsako. Abin da ba a yi a gida shi ne tura masa abinci da ƙarfi. In ya kai ga haka, likita zai ba shi abinci mai ruwa ta siririn bututu, a gwargwadon da ya lissafa.

12. Ya ci, bayan kwana biyu ya amayar. Na sake ba shi?

A'a. Amai a wurin maciji ba ƙaramin abu ba ne: ruwan ciki mai ƙarfi ya bi maƙogwaro ya ƙona shi, kuma jiki ya yi asarar ruwa da ƙarfin da ya riga ya kashe. Ka ba shi kwana 10 zuwa 14 ba abinci, ruwa da ɗumi kawai, sannan ka dawo da abin da bai wuce rabin wanda ya amayar ba. Kafin nan ka binciki kanka: ɓeran ya yi girma? Wuri ya yi sanyi da dare? An ɗauke shi kafin awa 48 su cika? Ɗaya daga cikin ukun nan ne ya fi yawa. Za ka bambance amai da kashi ta wari, wanda ya taɓa ji ba ya mantawa, kuma siffar ɓeran tana nan.

13. Na gyara komai amma aman bai tsaya ba, kuma tsakiyar jikinsa ta kumbura.

Wannan sai gwaji. Abin da ake tsoro shi ne ƙwayar cutar Cryptosporidium serpentis, wadda ke sa bangon tumbi ya yi kauri har abinci ya kasa zama. Alamunta su ne amai kwana kaɗan bayan ci, kumburi mai tauri a tsakiyar jiki, da ramewa duk da yana son abinci. Macijin masara na cikin waɗanda ta fi kamawa. Har yanzu ba ta da maganin da ake dogara da shi ya kawar da ita, ƙwayayenta ba sa jin ruwan bilic da aka saba wanke akwati da shi, kuma gwaji ɗaya na iya kuskure ta, shi ya sa likita kan maimaita. Wasu macizan sukan rayu da ita tsawon lokaci a ware. Wanda ya kai ba ya riƙe komai, yana ƙarewa a kan idonka, likita zai yi maka maganar sauƙaƙa masa, kuma a ganina karɓar wannan shawarar ba gazawa ba ce. Wannan cutar ce babban dalilin warewar da aka ambata a tambaya ta 4.

14. Ina ganin wasu ƙwari baƙaƙe kamar garin barkono a jikinsa da cikin ruwansa.

Ƙananan dangin kaska ne masu shan jinin maciji, sunansu Ophionyssus natricis. Sukan taru a gefen ido da tsagin ƙarƙashin haɓa. Macijin da suka dama yakan yini a kwanon ruwa. Ka shafa jikinsa da farar takarda mai laima, za ka gan su suna tafiya. A jikin ramamme suna iya jawo ƙarancin jini.

Wahalarsu ita ce ba a jikinsa suke ƙwai ba, a tsagogin akwati ne. Wanke macijin kaɗai kashe maciji ne ba a sare kai ba. A zubar da tsohuwar shimfiɗa da duk wani itace, a wanke akwati da ruwan zafi, a riƙa canza takarda, a ci gaba har makonni bayan an daina ganinsu. Maganin da za a shafa masa kuwa likita ne zai zaɓa. Maganin sauro na fesawa da maganin ƙuman kare suna iya taɓa masa jijiya su kashe shi.

15. Tsohuwar fata ta maƙale masa, har a ido. In ɓare?

Lafiyayye yana tuɓe saɓarsa ɗungurungum kamar safa. In tana fita guntu-guntu, bushewa ce ko rashin lafiya. Laimar akwati ta kasance kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kuma a ƙara masa maɓoya ta uku mai ɗauke da gansakuka ko takarda mai laima. Bayan jiƙon da aka bayyana a tambaya ta 6, ka bar shi ya ratsa ta cikin tawul mai laima a hannunka, fatar za ta bi tawul ɗin. Wadda ta ƙi fita a bar ta sai gobe.

Wuri biyu ne ke son lura. Bakin wutsiya, inda tsohuwar fata kan taru ta ɗaure kamar zobe har jini ya daina zuwa, wurin ya bushe ya guntule. Sai ido. Maciji ba shi da fatar ido mai ƙiftawa, wani ɓawo ne garai-garai ya rufe idon, kuma yana fita tare da saɓa. In ya maƙale kada ka sa hantsaki ko salatif. Mutane sun makantar da macizai suna jan abin da suka zaci tsohon ɓawo ne alhali sabon ne.

16. Waɗanne cututtuka ne kuma ke bin rashin kula?

Uku ne suka fi yawa. Ruɓewar baki: dasashi ya yi ja ko ya kumbura, wani abu kamar cuku ya taru, baki ya ƙi rufuwa daidai. Ciwon huhu: shaƙar numfashi mai ƙara, kumfa a hanci ko baki, ɗaga kai sama baki buɗe. Maciji ba ya iya tari, don haka majina ba ta da hanyar fita da kanta. Sai ruɓewar ciki, inda ɓawon ƙasan jiki ke yin ja ko ruwan ƙasa ko ƙuraje saboda kwanciya a shimfiɗa mai jiƙe da ƙazanta. Na ƙarshen in bai yi nisa ba busasshiyar takarda mai tsabta na taimakawa ƙwarai. Biyun farko suna buƙatar magani daga likita, sau da yawa allura. In ya warke za a koma shimfiɗar katako, a guji na itacen sida (cedar) da sauran masu ƙanshin mai, suna cutar da numfashinsa.

17. Yaushe zan fara ɗaukarsa? Zai cije ni?

Bayan ya ci sau uku ko huɗu ya riƙe. Ka fara da minti biyar, ka tallafe shi daga ƙasa da hannu biyu, kada ka cafko shi daga sama kamar shaho. Ban da awa 48 bayan cin abinci, ban da lokacin saɓa. In ya tsorata zai kaɗa wutsiya da sauri, ko ya saki wari, ko ya kai sara. Haƙoransa ƙanana ne, abin bai wuce karcen ƙaya ba, sabulu da ruwa sun isa.

Abin da ya fi cizon muhimmanci shi ne Salmonella, ƙwayar cutar da dabbobi masu jan ciki ke ɗauke da ita ba tare da ta dame su ba, amma tana sa mutum zawo da zazzaɓi. A wanke hannu bayan kowace hidima, kada a wanke kwanonsa inda ake wanke kwanukan abinci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana gargaɗin a nisanta irin waɗannan dabbobi daga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki.

18. Wata nawa kafin ya dawo daidai?

Ka sa ran wata shida zuwa shekara ga wanda ya rame sosai. Sannu ba ta hana zuwa. Ka riƙa auna shi sau ɗaya a mako, kafin ciyarwa, zai fi kyau bayan ya yi kashi, ka rubuta nauyi da abin da ya ci da ranar saɓa. Awo ɗaya ba ya nuna komai, kashi ɗaya ma na iya sauya lissafi. Jerin wata biyu ne ke faɗin gaskiya. Alamun farko ma ba a sikeli suke ba: harshe ya dawo yana fita akai-akai, riƙonsa ya yi ƙarfi, ya fara yawo da magariba, sannan saɓa ta fita guda.

Wanda aka hana abinci tun yana ƙarami mai yiwuwa ba zai kai tsawon sa'o'insa ba, kuma ba komai. Kada ka yi ta ɗura masa don ya kamo su. Ƙiba ma cuta ce: in fata ta fara bayyana tsakanin ɓawon jikinsa, ko kitse ya taru gab da wutsiya kamar ƙugu, an wuce gona da iri. Da ya samu ƙarfi sai a mayar da shi babban akwati, wanda tsawonsa ya kai tsawon macijin, wajen santimita 120 ga babba, da rassan hawa. A toshe kowace kafa, inda kansa ya shiga jikinsa zai bi.

19. Mace ce, ta zuba ƙwai ba namiji. Kuma an ce a sanyaya su da hunturu?

Mace takan yi ƙwai marasa ɗa ko ba namiji, kuma hakan na zuƙe ta matuƙa. Wasu ramammun da ake karɓa matan da aka yi ta haɗawa ne duk shekara ba hutu. Masu kiwo na da ƙa'idar da suke kira ta uku-uku: ba a haɗa mace sai ta kai shekara 3, tsawon ƙafa 3, nauyin giram 300. Wadda ke jinya ba ta cikin wannan lissafi sam. In ka ga kumburi ya tsaya a bayan jikinta tana yunƙuri ba abin da ke fita, ƙwai ne ya maƙale, a garzaya asibiti. Sanyayawar hunturu kuwa ta masu son haihuwa ce, kuma ana yi wa mai cikakken jiki da lafiya ne kawai. Naka ya ci gaba da ɗuminsa duk shekara.

20. Ba zan iya riƙe shi ba, a gida ma ana ƙorafi. In sake shi a daji?

Ƙorafin ba baƙo ba ne. Bahaushe da maciji ba su taɓa shiri ba, kuma malamai da yawa ba sa goyon bayan ajiye shi don sha'awa, wanda abin ya dame shi ya tambayi malaminsa. Amma dabbar da ke tsare a hannun mutum tana da haƙƙi a kansa, hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, sananne ne.

Sakin ba mafita ba ne a nan. A Ingila sanyi zai kashe shi, kuma dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta sakin dabbar da ba 'yar ƙasa ba. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 kuma ta ɗora wa duk wanda dabba ke hannunsa alhakin abincinta da mazauninta da lafiyarta. Ko a Amurka, mahaifarsa, wanda aka haifa a akwati zai iya kai wa na daji cuta. Dokoki ma sun bambanta: jihar Jojiya ta hana ajiye shi ba izini saboda ɗan ƙasa ne a can, Ostareliya kuwa ta hana shi gaba ɗaya. Ka tuntuɓi ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA in kana Ingila, ko cibiyar karɓar dabbobi masu jan ciki mafi kusa, ko ka tambayi likitan da ya duba shi, sukan san masu neman irinsa. Ranar miƙawa ka haɗa da littafin awon nan na tambaya ta 18, da sakamakon gwajin kashi, da bayanin girman ɓeran da ya ci na ƙarshe da ranar da ya ci shi.